Asalin Sarautun Malamai a Ƙasar Kano da Yadda Suka Kai Birnin Kudu da Gwaram

Addinin Musulunci bai keɓe waɗansu mutane dabam ba waɗanda sai ta hannunsu bawa zai kai ga Ubangijinsa. Kowane namiji baligi mai hankali, wanda ya san hukunce-hukuncen salla, yana iya shiga gaba ya ja jama'a. Amma duk da haka, wanda ya zauna a ƙasar Kano ya sani akwai liman na naɗi, akwai na'ibinsa, akwai ladan, akwai alƙali da muhutinsa, kowa da matsayinsa, kowa kuma ya san wanda ke bisansa. Littattafan fiƙihu sun ambaci waɗannan ayyuka, amma jera su hawa-hawa da ɗaura musu rawani aikin sarauta ne. Nufin wannan takarda shi ne a bi asalin wannan tsani daga Birnin Kano, a ga yadda ya sauka har Birnin Kudu da Gwaram, garuruwa biyu na kudu maso gabashin tsohuwar ƙasar Kano waɗanda tun 1991 su ke cikin Jihar Jigawa.

Birnin Kudu ta daɗe da mutane. A cikin kogunan duwatsun da ke kewaye da ita, kamar Dutsen Habude da Dutsen Mesa, akwai zanen shanu marasa tozo a jikin dutse, akwai kuma duwatsu masu amo waɗanda in an buga su kan yi ƙara kamar ƙararrawa. Bernard Fagg, na gidan ajiye kayan tarihi na Jos, shi ya bayyana su ga masu bincike a tsakiyar shekarun 1950. Shanun da aka zana ba irin waɗanda Fulani ke kiwo a wurin ba ne yau, wannan kuwa ya isa shaida cewa zanen tsoho ne. Amma dutse ba ya faɗin sunan mai yi masa hidima. In ana son a ga yadda tsarin masu tsafi ya ke a wannan ƙasa kafin Musulunci, sai a koma ga littafin nan na Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci a ƙarshen ƙarni na 19, H. R. Palmer ya juya shi da Turanci a 1908, aka kuma buga Hausarsa a Zariya cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu.

Bisa ga wannan littafi, shugaban masu tsafin Dala shi ne Barbushe. Abin bautarsu Tsumburbura, mazauninta wata itaciya da aka kewaye da gini, ba mai shiga sai shi. Kwana biyu kaɗai ya kan sauko daga dutse a shekara, jama'a su taru daga ko'ina da baƙaƙen karnuka da baƙaƙen kaji da baƙaƙen bunsuru, ya shiga da dare ya fito ya gaya musu abin da zai auku a shekarar. A ƙarƙashinsa akwai manya, kowa da sana'arsa: akwai maƙeri, da mai dafa giya, da mai magani, da mai tsaron gari da dare, da maharbi, da mawaƙi. Abin lura a nan shi ne, sarakunan gidan Bagauda sun zauna da waɗannan mutane shekaru ɗaruruwa ba su mallaki asirinsu ba. Sarauta na hannun baƙi, tsafi na hannun 'yan ƙasa. Sarki Tsamiya, wanda Palmer ya sa zamaninsa daga 1307 zuwa 1343, shi ya rushe ginin da ƙarfin yaƙi, amma rushe gini bai ba shi masu addu'a nasa na kansa ba.

Wanda ya sami wannan shi ne ɗansa Yaji (1349 zuwa 1385). A zamaninsa, in ji littafin, Wangarawa suka zo daga Mali, su wajen arba'in, shugabansu Abdurrahman Zaite. Suka umurci Sarki da salla, ya karɓa. Nan take ya raba musu ayyuka biyar. Gurdumus ya zama limamin Sarki, Lawal ya zama ladan, Auta ya zama mai yanka duk naman da za a ci, Mandawari ya zama limamin Wangarawa da manyan Kano, Zaite kuwa ya zama alƙali. Aka gina masallaci a gindin itaciyar tsafin, aka aika wa garuruwan ƙasar Kano umurnin su tsai da salloli biyar. Sunayen waɗansu daga cikin baƙin nan suna nan har yau a unguwannin Birni, kamar Mandawari da Sheshe da Zaitawa.

Ya kamata a tsaya a kan wannan rabo, domin a cikinsa ne tushen abin da ya biyo baya ya ke. Da fari, Sarki ne mai naɗi. Ba malaman ne suka taru suka zaɓi babbansu ba. Na biyu, tun ran farko limamai biyu ne, na fada dabam, na jama'a dabam. Na uku, an sa mai yanka a jeri ɗaya da liman da alƙali. Mai karatu na yau zai ga kamar wannan ƙaramin aiki ne, amma a garin da yanka shi ne ginshiƙin tsafi, wanda ya riƙe wuƙa ya riƙe rabin addini. Da Sarki ya ce ba za a ci nama ba sai wanda Auta ya yanka, ya ƙwace wa mutanen Barbushe babban aikinsu ke nan ba tare da ya zare takobi ba. Abin da Yaji ya nema a wurin baƙinsa kuma bai ɓoyu ba: ya roƙe su su yi masa addu'a ya ci Santolo, garin arnan da ya gagari iyayensa, suka fita tare da shi, aka ci garin.

Akwai saɓani game da lokacin. Wata takarda ta zuriyar Wangarawan kansu, Aslul Wangariyyin, wadda aka rubuta a tsakiyar ƙarni na 17, Muhammad al-Hajj ya buga ta a Kano a 1968, ta ce Shaihu Abdurrahman ya bar Mali a shekara ta 835 ta Hijira, watau wajen 1432, ya iso Kano zamanin Muhammadu Rumfa. In haka ne, to, marubucin Tarihin Kano ya ja labarin baya da shekara ɗari, ko kuwa ayari biyu ne aka haɗa aka mai da su ɗaya. Takardar Wangarawa ta fi kusa da zamanin, ta fi kuma cancantar a dogara da ita wajen shekara. Amma siffar naɗin ba ta sāke ba ko wane sarki ne ya yi shi.

Kada a ɗauka cewa daga ranar nan tsafi ya mutu a fada. Kanajeji, ɗan Yaji, da Zazzagawa suka kore shi, sai ya nemi shawarar Sarkin Tsibiri, ya mai da abin da ubansa ya kawar. Daga zamanin Muhammadu Zaki (1582 zuwa 1618) kuma aka soma Dirki, wani abu da aka naɗe da fatu ana yi masa yankan shanu, har Sarki Alwali ya sa aka sare shi da gatura a ƙarshen mulkin Haɓe, aka tarar Alƙur'ani ne a ciki. Shekara ɗari biyu ke nan liman yana fada, Dirki yana fada.

Rumfa (1463 zuwa 1499) shi ya mai da Musulunci addinin mulki sosai. Ya gina gidan sarauta da ke nan har yanzu, ya kafa Kasuwar Kurmi, ya soma fita Idi, ya kafa majalisar Tara ta Kano. A zamaninsa Shaihu Muhammadu ɗan Abdulkarim al-Maghili ya zo daga Tuwat, aka sare itaciyar tsafi aka gina masallacin Juma'a a gurbinta, ya kuma rubuta wa Sarki littafi a kan abin da ya wajaba ga sarakuna. Ya bar zuriya a Kano, su ne Sharifai, babbansu shi a ke kira Sidi Fari. Wangarawa kuwa suka kafu a Madabo, inda sarautar Babban Malami ta ke, makarantarsu ta shahara da karatun Muhtasar na Halil. Da haka aka sami gidajen malanta na gado a gefen gidajen sarauta.

Wani ɗan labari na zamanin Muhammadu Kisoki (1509 zuwa 1565) ya fi dogon bayani amfani. Malamai uku suka zo daga Barno, Karaski da Magumi da Kabi. Sarki ya so ya naɗa Shaihu Karaski alƙali, ya ƙi, ya nuna ɗan'uwansa Magumi, shi kuwa ya karɓa. Ga 'yan'uwa biyu, ɗaya ya ɗauki rawani, ɗaya ya tsere masa, kuma wanda ya tsere ɗin shi Sarki ya fara nema. Gudun alƙalanci tsohuwar ɗabi'a ce ta manyan malamai tun zamanin Abbasiyawa a Bagadaza, ta kuma iso Kano tare da littattafan.

Dalili kuwa shi ne malanta tana da tsaninta dabam wanda ba sarkin da ke naɗa kowa a kansa. A tsangaya yaro ya kan fara yana kolo, ya zama titibiri, ya zama gardi. In ya haddace ya rubuta, a kira shi alaramma. In ya ƙware har ya san adadin kowace kalma da wurarenta, ya zama gwani. Bisa gwani sai gangaran. A makarantar ilimi kuma ɗalibi ya kan tashi daga Ahalari da Ishmawi zuwa Iziyya da Risala, sa'an nan Askari da Muhtasar, malaminsa ne kaɗai zai ce ya isa. Tsani biyu ke nan, na rawani da na allo. Wani lokaci mutum ɗaya ya kan hau duka biyun, sau da yawa kuwa limamin gari ya kan je da dare ya ɗauki karatu a zauren wanda ba shi da ko alkyabba.

Jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo daga tsani na biyu ya taso, malaman fada na cikin waɗanda ya fi zarga. Shugabanninsa a Kano duk malamai ne na wajen fada: Malam Jamo na Sulluɓawa, Malam Bakatsine na Joɓawa wanda ya riƙe yaƙin gabas, Malam Jibir na Yolawa, Dabon Dambazau, da Malam Ɗanzabuwa na Danejawa. Da Birni ya faɗi, Alwali ya gudu aka kashe shi a Burumburum wajen 1807, wanda aka ba sarauta shi ne Sulaimanu, mutumin da aka sani da limanci, ba da yaƙi ba. Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna Kano a waɗannan shekaru, ya rubuta wa jama'arta Liya'ul Hukkami don ya nuna musu yadda a ke tafiyar da mulki bisa shari'a. Amma ba a daɗe ba sai Ibrahim Dabo (1819 zuwa 1846) ya ga ƙasar ba ta riƙuwa sai da tsofaffin sarautu, ya nemi izinin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya mai da su. Yolawa suka riƙe Madaki, Joɓawa Makama, Dambazawa Sarkin Bai, Sulluɓawa Sarkin Dawaki Mai Tuta. 'Ya'yan masu allo suka zama masu tambari, alƙalanci da limanci kuma suka zauna a waɗansu gidaje, kamar Gyanawa. Tsanin ya ƙaru da hawa guda a sama, watau Sakkwato, inda a ke tabbatar da naɗin Sarkin Kano, a ke kuma kai ƙarar da ta gagara.

To, yaya wannan tsari ya ke a wuri kamar Birnin Kudu, mai nisan wajen mil tamanin daga Birni? Garin tsohuwar sarauta ce, mai ita Sarkin Kudu, yana zaune a cikin ganuwarsa, ba kamar hakiman da ke zaune a Kano suna aika jakadu ba. Tarihin Kano ya ce Sarki Abdullahi Burja (1438 zuwa 1452) ya yi sansani shekara ɗaya da rabi a wani wuri da masu nazari da dama ke ɗauka nan ne. A irin wannan gari tsarin Birni ne a ke maimaitawa a ƙanƙance. Akwai limamin Juma'a da na'ibi da ladan, masallaci yana jikin fada, akwai alƙali. Ƙarƙashinsu sai limaman unguwa da na ƙauye, waɗanda jama'a ke tsayarwa dagaci ya amince, abincinsu daga gonarsu da zakkar hatsi da goron ɗaurin aure da na suna.

Masallacin Juma'a shi ne mabuɗin al'amarin. A mazhabar Maliku ba a tsai da Juma'a sai a gari zaunanne, da mazauna goma sha biyu ban da liman, ba a kuma yawaita ta a gari guda sai da larura. A ƙasar Hausa aka ƙara da cewa sai da izinin sarki. Saboda haka garin da ya sami Juma'a ya sami shaidar girma, mutanen ƙauyukan kewaye kuma dole su shigo kowane mako su tsaya bayan limamin da sarki ya naɗa, su ji an yi wa Sarkin Musulmi da Sarkin Kano addu'a a huɗuba. Ba wata hanya da ta kai wannan sanar da talakan bakin iyaka ko shi na wane ne. Maguzawa kuwa suna waje da wannan sahu, suna biyan jiziya ta hannun manyansu. Kudu da Birnin Kudu da Gwaram, inda duwatsu suka soma, sai Warjawa da Butawa da Fa'awa, waɗanda ba su bin liman ba su biyan jiziya.

A cikin duwatsun nan ne tsani na biyu ya sāke tayar wa na farko. Wajen 1846, farkon sarautar Usmanu ɗan Dabo, wani malami Bahaushe na Tsakuwa, Malam Hamza, ya ƙi biyan kuɗin ƙasa, bisa hujjar cewa shari'a ba ta ɗora wa Musulmi wannan ba, zakka ce kaɗai a kansa. Hujja ce irin wadda masu jihadi suka kafa wa sarakunan Haɓe shekara arba'in da suka wuce. Ya tashi da almajiransa ya shiga duwatsun Ningi, ya sami karɓuwa wurin mutanen dutse, suka haɗa kai. Daga wannan hijira aka sami sarautar Ningi, wadda a hannun magadansa, tun ba Ɗan Maje da Haruna da Ɗan Yaya ba, ta addabi Kano da Bauci da Zazzau har zuwan Turawa. Birnin Kudu da Gwaram na kan gaba cikin garuruwan da harin ke faɗa wa, Sarki Abdullahi Maje Karofi kuma ya ƙare yawancin mulkinsa, daga 1855, yana fama da wannan iyaka. Abin mamaki ne a ce limamin Gwaram yana cikin ganuwa yana alƙunutu a kan mayaƙan da shugabanninsu jikokin makarantar allo ne irin tasa. Masu rubuta tarihin fada sun kira mutanen Ningi arna da 'yan tawaye, kalma ta farko kuwa ba ta hau kan shugabanninsu ba.

Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu 1903. Ba su taɓa liman ba, amma sun sāke wa alƙali zama. Dā abincinsa daga ushira da kyautar sarki ya ke. Da aka kafa Baitulmali sai aka yanka masa albashi, aka ba shi littafin rubuta shari'a wanda Di'o ke dubawa. Aka raba ƙasa gunduma-gunduma, Birnin Kudu da Gwaram kowanne ya zama mazaunin hakimi da kotun alƙali, aka jera kotuna daraja-daraja daga A zuwa D, ƙara tana tashi daga alƙalin gunduma zuwa Alƙalin Kano da majalisar Sarki. Tsanin bai taɓa miƙewa sosai kamar yadda ya miƙe a hannun En'e ba. Sa'an nan aka buɗe makarantar shari'a ta Shahuci a 1928, da Makarantar Koyon Shari'a a 1934 da malamai daga Sudan, wadda ta zama Makarantar Nazarin Larabci a 1947. Daga nan takardar shaida ta soma tsayawa a inda dā iznin malami da gadon gida ke tsayawa.

Abin da ya biyo baya ya zo da sauri. Sabon kundin dokokin laifi na Jihar Arewa ya fara aiki a 1960, aka kafa kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a a Kaduna, inda Abubakar Gumi ya zama Alƙalin Alƙalai a 1962. Sarki Muhammadu Sanusi (1953 zuwa 1963), wanda ya kan hau mumbari da kansa ran Juma'a, yana cikin na ƙarshe da suka haɗa sarauta da shari'a da limanci a hannu ɗaya. A 1968 gwamnatin soja ta rufe kotunan sarakuna, ta ɗauke alƙalai daga hannun En'e ta mai da su ma'aikatan gwamnati a kotunan yanki. Naɗin da Yaji ya soma da Zaite ya fita daga fada ke nan. Ɗariƙun Ƙadiriyya da Tijjaniyya sun riga sun shimfiɗa nasu jerin na shehu da halifa da muƙaddami, wanda ke ƙetare iyakar gunduma ba ya neman izinin hakimi; Izala ta biyo baya a 1978, masallatan Juma'a suka yawaita har a gari guda.

Da aka yanke Jigawa daga Kano ran 27 ga Agusta 1991, Birnin Kudu da Gwaram suka koma ƙarƙashin masarautar Dutse, garin da dā Sarkinsa da Sarkin Kudu duk Kano su ke kai gaisuwa. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999, a sashe na 10, ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ta ɗauki wani addini ya zama na hukuma. Duk da haka Jigawa ta kafa kotunan shari'a a shekara ta 2000, alƙalansu kuwa hukumar shari'a ta jiha ke ɗaukarsu. Daga cikin ayyuka biyar na Yaji, alƙalanci ya tafi ga gwamnati, yanka ya koma sana'ar mahauta a ƙarƙashin Sarkin Fawa, limancin babban masallacin gari da na'ibci da ladanci su ne suka saura a inuwar fada.